Kabarin Saje ba shi da suna

Babana, na ga saƙonka tun shekaranjiya, ciwon ƙafa ya hana ni zama. Ka ce ka kalli yadda aka ajiye furanni a Abuja ranar 15 ga Janairu don tunawa da 'yan mazan jiya, ranka ya sosu da kabarin kakanka nan Daura ko suna babu. Kana so ka turo kuɗi a ɗaure shi da siminti, a kafa allo da lambarsa ta soja, kana tambaya ko al'ada ta hana. Allah ya yi maka albarka, ba kowane jika ke tunawa ba.

Ranar da ka kalla ba tasu ba ce tun asali. Ranar da yaƙin basasa ya ƙare ce a 1970. Su 'yan Boma, sojojin da suka yi yaƙin duniya na biyu a ƙasar Boma irin su kakanka, a da 11 ga Nuwamba ake yi musu, kuma ban taɓa ganin Baba ya wanke riga dominta ba.

Shi zamanin Sarki Abdurrahman aka ɗebe shi, ta hannun dagaci, gemu bai fito masa ba. Jirgin ƙasa ya kai su Ikko, na ruwa ya kai su Indiya, daga nan sai dajin Arakan a ƙasar Boma. Yana cikin runduna ta 82, wadda ta shiga garin Myohaung a Janairun 1945, bai dawo gida ba sai 1946. Kofur ya tsaya, amma duk unguwa Saje ake ce masa, shi ma bai taɓa gyara wa kowa ba. Labarin da yake so ya bayar biyu ne: yadda jirgin sama ke jefo musu shinkafa da laima, da ranar da Sarkin Katsina Usman Nagogo ya je har can duba sojoji. Na harbi kuwa, ko ka tambaya sai ya ce a miƙo masa buta. Sau ɗaya tak, ina yanke masa farce, na ga tabo birjik a ƙwaurinsa na tambaya, ya ce matsattsaku ne. Ya yi shiru, sannan ya ce akwai wani yaro ɗan Zango da suka binne a gindin gora, ruwa na zuba, ba likkafani, sai bargon soja. Ya ce wanda ya baro abokinsa a haka ba ya neman a yi wa nasa kabari ado. Da kunnena na ji, kuma ya maimaita wa mahaifinka.

To ka ga kafin a zo kan al'ada, akwai wasiyya. Al'adar ma ba ta tare da kai. Mu kabari ƙasa ce, a jera itace, a rufe, a tara ƙasa kamar taƙi ɗaya, a yayyafa ruwa. Gini a kansa malamai sun hana, na zaure da na Izala duk bakinsu ɗaya a nan, abin da ba kasafai ake samu ba. Alama dai ba laifi, dutse ko ɗan ƙarfe don a gane wurin. Baffanka ya sa dutse tun ranar. Ni ban taɓa gani ba, ka san mu mata ba ma bin gawa, iyakarmu soro.

Abin da muka yi masa kana ƙarami ba za ka tuna ba. Kwana uku tabarma ba ta naɗe a ƙofar gida ba. An yi sadakar uku da ta bakwai da ta arba'in, ni na daka gumbar da hannuna, waina kuwa har almajiran unguwar gaba sun samu. Na san ku yaran yanzu kuna cewa bidi'a ce. Ban iya jayayyar malamai ba, amma wanda ya ci ya ce Allah ya jiƙan Saje, ban ga asarar da aka yi ba. Inna ta yi takabarta wata huɗu da kwana goma, ba kwalli ba lalle.

Sai kuma kai. Me ya sa kake jin ban taɓa kiran sunanka ba, sai Babana? Ran sunanka da kansa ya zo da rago daga kasuwar Mai'aduwa, yana ja yana haki, ya ƙi yarda kowa ya taya shi, yana cewa sabon ango ya zo ƙwace masa mata.

In kuɗin na hannunka, ga inda za su shiga. Famfon masallacin da ya yi shekaru yana sharewa ya lalace tun bara. Akwai kuma ɗiyar ƙanwar yaron nan na Zango, tsohuwa ce yanzu. Duk kaka Baba sai ya aika wa gidansu dami biyu na gero, bayansa mahaifinka ya ci gaba, da shi ma ya rasu abin ya tsaya, kuma kunyar haka na kaina.

Lambobinsa suna nan cikin akwatin ƙarfe ƙarƙashin gadona, har da tauraron Boma mai tsini shida, zaren ya koɗe. Ba zan ba direba ba. Ka zo da Babbar Sallah, baffanka ya kai ka ka ga dutsen, mu je Zango tare, sannan in buɗe akwatin. Ka gaishe da maiɗakinka, ka ce mata man zafin da ta aiko ya ƙare.

Gwaggonka