Jelina yana narkewa kafin a sayar: ina gyaran yake?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina zaune a unguwar Zariya a nan Maraɗi, ina yin zoɓo da lemun citta na sayarwa. Na fara gwada jeli da garin jelatin don yaran makaranta. A firigo yana kamawa, amma da an fita da shi sai ya koma ruwa. Na abarba da na citta kuwa ko a firigon ba su kama ba. Ko ƙaro zai iya maye gurbin jelatin? Ina kuma son in iya alewar nan mai tauna kamar roba. Abu na ƙarshe, na rubuta "Lemon Jelly" a YouTube don in ga yadda ake na lemun tsami, sai kiɗa ya yi ta fitowa.

Amsa: Wa alaikumus salam, Hajiya. Allah ya sa albarka a sana'a. Mu fara da mai sauƙin. Lemon Jelly sunan wasu makaɗa biyu ne na Ingila, Fred Deakin da Nick Franglen, masu haɗa kiɗa da kwamfuta, waɗanda suka fara a 1998.  Ki rubuta "gelée agar-agar" da Faransanci, girki zai fito miki.

Narkewar kuwa ba daga hannunki take ba, halin jelatin ne. Ana samo shi daga fata da ƙashin dabba, kuma yana sakin jiki da zarar zafi ya kusa digiri 35, wato ƙasa da zafin jikin mutum. Abin da ke sa shi daɗi ke nan, yana narkewa a kan harshe. To a Maraɗi, watannin Afrilu da Mayu zafin rana yana wuce digiri 40. Ko kin ninka garin sau biyu, ɗan jinkiri kawai za ki samu, jelin kuma ya yi tauri marar daɗi. Ga ɗauke wuta a gefe guda. Don haka shawararmu a fili take: jelatin na cin gida ne, daga firigo zuwa baki. Abin da za a ɗora a tire a fita da shi, a yi shi da agar-agar.

Agar-agar gari ne fari da ake samu daga wata jar ciyawar teku, Japanawa sun daɗe suna girki da shi tun ƙarni na 17. Yana kamawa idan ya huce zuwa tsakanin digiri 32 da 40, amma bayan ya kama ba ya narkewa sai zafi ya kai wajen 85. Wannan tazarar ce dukkan amfaninsa. Irin matsalarki ce ta kai shi ɗakunan bincike: a farkon shekarun 1880 jelatin da ake renon ƙwayoyin cuta a kansa yana narke wa masu nazarinsu a Jamus, sai Fanny Hesse, matar wani likita da ke aiki da shahararren mai nazarin ƙwayoyin cuta Robert Koch, ta ba da shawarar agar da ta sani a girki. Ki nemi na abinci a manyan kantuna ko wurin masu kayan kek, ko ki yi saƙonsa daga Yamai ko Kano. A jikin leda lambarsa E406.

Ga awo na lita ɗaya ta jelin zoɓo. Ki jiƙa busasshen zoɓo giram 50 a ruwan zafi da ya ɗan haura rabin lita, ki tace da kyalle mai tsabta har ki sami rabin lita mai kauri, ki ajiye shi da ɗuminsa. A wata tukunyar ki zuba ruwa zalla rabin lita, mai sanyi, ki barbaɗa agar giram 8, kimanin cokalin shayi huɗu a shafe. Ki ɗora a wuta kina juyawa, idan ya tafasa ki bar shi minti 2 zuwa 3 yana tafasa. Sannan ki zuba sukari giram 150 zuwa 200, ya narke, ki sauke, ki juye zoɓon mai ɗumi ki gauraya, ki zuba a kofuna nan take. Giram 8 na jelin da za a yanka a ɗauka da hannu ne. In mai laushi kike so na ci da cokali, giram 4 zuwa 5 ya isa.

Kowane mataki a nan da dalilinsa. Agar da bai tafasa ba bai narke ba, ko da ido ya ga kamar ya ɓace a ruwa, kuma wannan shi ne kuskuren da ya fi yawa. Tsami kuma yana karya ƙarfinsa in an dafa su tare, shi ya sa zoɓo, tsamiya da lemun tsami suke shiga bayan an sauke. In kika zuba zoɓon da sanyin firigo, agar zai kama tun a tukunya ya yi zare-zare da gudaji. Sukari yana biyo baya ne domin in ya riga shiga da yawa yana hana garin jiƙa sosai. Kafin ki cika kofuna, ki ɗiga kaɗan a faranti mai sanyi. In bai kama cikin minti biyu ba, ki tafasa giram 1 ko 2 a ruwa kaɗan ki ƙara.

Akwai abin da littattafan girkin Turai ba za su faɗa miki ba. Suna cewa agar yana kamawa a kan tebur ba sai da firigo ba, amma ɗakinsu digiri 20 ne. Da tsakar ranar bazara a nan, ɗakin ma yana iya kai zafin da zai hana shi kamawa. Ki yi aikin da asuba, ko ki jera kofunan a faffaɗar roba mai ruwan randa ko ɗan ƙanƙara. Da ya kama, an wuce wurin. Kada dai ki sa shi a gidan ƙanƙara, domin daskarewa tana farfasa shi, in ya saki sai ya tsiyaye ruwa ya yi kamar soso.

Ki sani ba zai yi rawa da santsi irin na jelatin ba. Yana gutsurewa ne, kuma yakan ɗan zubar da ruwa in ya kwana. Sannan rashin narkewa ba ya nufin ba ya lalacewa. Wanda ya fita rana a sayar da shi a ranar, na firigo kwana biyu zuwa uku a rufe, wanda aka sa wa madara kuwa kada ya bar kula mai ƙanƙara. Tunda yara ne masu saye, ki kula da girman yanka. Jeli mai tauri da ake zuƙowa daga ƙaramin kofi a loma ɗaya yana iya maƙale wa yaro a maƙoshi, har Tarayyar Turai ta hana sayar da irinsa a 2002 da 2004. Ki yi mai laushi da ɗan cokali, ko ki yanka ƙanana.

Batun abarba da citta daban ne. Ɗanyar abarba, gwanda, citta, gwaba da ɓaure suna ɗauke da sinadarin da ke yayyanka furotin, irin aikin da ganyen gwanda ke yi in an naɗe nama da shi don ya yi laushi. Jelatin furotin ne, saboda haka suna cinye shi kafin ya kama. Ki tafasa ruwan 'ya'yan itacen minti 5, sinadarin ya mutu. Abarbar gwangwani ba ta da wannan matsalar don an riga an dafa ta. Agar kuwa ba furotin ba ne, babu ruwansa da su.

In za ki yi na jelatin don gida, giram 20 ne a lita. Ki jiƙa shi a ruwan sanyi ninki biyar na nauyinsa na minti 10, ki narkar a ruwa mai zafi da aka sauke, kada ya tafasa, sannan awa huɗu zuwa shida a firigo. Ki karanta jikin kwalin da kyau. Mafi yawan jelatin na Turai daga fatar alade ake yinsa, za ki ga "gélatine de porc". Ki nemi na saniya mai tambarin halal ko na kifi. Wanda aka rubuta "gélatine" kawai ba bayani, mu dai ba ma ba da shawarar a sayar wa jama'a da shi.

Ƙaro ba ya yin jeli. Yana kaurara ruwa, in ya bushe ya yi tauri, shi ya sa ake alewa mai ƙarfi ta tsotsa da shi, amma kofin zoɓo ba zai tsaya da shi ba.

Alewar tauna, irin 'yan beyar da kamfanin Haribo na Jamus ya shahara da su, jeli ce mai ƙarancin ruwa. Ki jiƙa jelatin giram 30 a zoɓo mililita 100. Ki dafa sukari giram 150 da zuma ko ruwan gulukos giram 100 da ruwa mililita 50, ya tafasa minti 4 zuwa 5 har ya fara danƙo. Zumar ce ke hana sukarin komawa tsaki. Ki sauke ya huce minti biyar, ki zuba jelatin ya narke, ki ƙara cokali ɗaya na lemun tsami, ki kwashe kumfa, ki zuba a mazubin da aka shafa wa mai kaɗan. Bayan ta kama a firigo ki cire, ki shanya a inuwa kwana ɗaya ko biyu ƙarƙashin kyalle marar kauri. Shanyar ce ke kawo taunar. Kada ki birkiɗa ta a sukari kafin ta bushe, za ta yi gumi ta manne. Hunturu ne lokacinta, iska a bushe kuma ga sanyi, sai dai a kiyaye ƙura. Da damina laima tana sa ta danƙo, da bazara kuma sai an riƙe ta a kula, tunda ita ma jelatin ce.