Ta ina zan fara sauraron Sibelius?

Malam, ka ce ka ji Finlandia, wani kiɗa na Sibelius, mai tsara kiɗa ɗan ƙasar Finland, ta burge ka, amma ka rasa wace za ka fara da ita cikin simfoninsa bakwai, wato dogayen kaɗe-kaɗen da ya tsara wa babbar ƙungiyar makaɗa.

Fara da ta biyu, ta 1902. Lokacin Finland tana ƙarƙashin mulkin Rasha, shi ya sa jama'arsa suka ji ƙarshenta a matsayin kiran 'yanci. Daga nan sai ta biyar, wadda ya yi ta gyarawa daga 1915 har 1919. Busar ƙahonin da ke ƙarshenta ta samo asali ne daga wasu manyan tsuntsayen ruwa da ya gani suna shawagi. A ganina ita ce gwanar.

Kada ka fara da ta huɗu, ta 1911. Tana da nauyi da duhu, za ta iya korar sabon shiga. Ta bakwai kuwa, ta 1924, a dunƙule take ba yankewa, don haka ka ba ta nutsuwa. Ta takwas ba ta fito ba har ya rasu a 1957.

Af, Finlandia ba ita ce taken ƙasarsu ba, da yawa kan ɗauka haka.

In tsarin rubutun kiɗan kake son fahimta, wannan kam sai malamin kiɗa a jami'a.