Ina da labarin anime a kaina, in ba ɗan baffana jarina?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni matashi ne ɗan shekara 24, ina sayar da kayan waya, kuma na tara naira miliyan 1.8. Shekara uku ke nan ina ɗauke da wani labari a kaina wanda na tabbata idan aka mayar da shi anime, wato fim ɗin zane mai motsi irin na Japan, zai girgiza duniya. Ban rubuta shi ba, ban kuma gaya wa kowa cikakkensa ba, don tsoron kada a sace mini. Ɗan baffana da ya yi karatun kwamfuta ya ce in ba shi miliyan ɗaya da rabi ya haɗa mini tirela, wato gajeren bidiyon tallar labarin, ta minti uku, mu aika wa kamfanonin Japan. In ba shi?

Amsa: Wa alaikumus salam ƙanena. Kada ka ba shi. Sai dai ɗan baffan naka ƙaramar matsala ce, babbar tana cikin jimlar da ka wuce ta da sauri, inda ka ce shekara uku ba ka rubuta komai ba. Kai ɗan kasuwa ne, saboda haka ka yi tunanin wani ya tsaya gaban teburinka ya ce yana da cajar da ta fi kowace caja a duniya, amma ba zai nuna maka ba sai ka biya, kuma da ka matsa masa sai ya ce ai ba a ma ƙera ta ba tukuna. Cinikin biri a sama ke nan, kuma shi kake shirin kai wa mutanen da suka fi kowa tsantseni da kuɗinsu.

Ka san yadda ake yin anime a Japan kafin ka sake kallon asusunka. Galibi ba sutudiyon da ke zane ke zuba kuɗi ba. Ana kafa kwamitin masu zuba jari, wanda ya kan haɗa kamfanin ɗab'i da gidan talabijin da kamfanin waƙoƙi da masu ƙera kayan wasan yara, kowa ya sa nasa, kowa ya ɗauki ɓangaren da zai ci riba a kai, sannan su ɗauki sutudiyo aiki kamar yadda mai gini ke ɗaukar magini. Zango guda ya kan kai kashi 12 ko 13, kowane kashi kimanin minti 24, kuma kuɗin da aka saba ambata na kashi ɗaya yana tsakanin dala dubu 100 zuwa dubu 300. Mu ɗauki dala dubu 150, mu yi lissafi a kan naira 1,500 kowace dala: naira miliyan 225 ke nan a kashi ɗaya tak. Miliyan ɗaya da rabin da kake son bayarwa, a wannan farashin, daƙiƙa goma za ta saya maka.

Mutanen da za su zuba irin wannan dukiya ba sa caca da labarin da ba a gwada ba, shi ya sa mafi yawan anime daga manga ake ɗauko su, wato littattafan zane na Japan, ko daga ƙagaggun labarai da wasannin bidiyo da suka riga suka tara masoya. Mujallar Weekly Shonen Jump ta kamfanin Shueisha, wadda take fitowa tun 1968, tana tattara ra'ayin masu karatu, kuma labarin da ya daɗe a ƙasan jeri ana iya yanke shi cikin 'yan watanni, ko da marubucin ɗan gida ne mai jin yaren. Saƙon da ya zo daga baƙo, ba da Japananci ba, ba littafi ba masu karatu, yawancin kamfanoni ba sa ko duba shi, domin suna gudun gobe a ce sun saci ra'ayin wani.

Wannan ya kawo mu tsoronka na sata, wanda shi ne ya cinye maka shekara uku. Dokar haƙƙin mallaka, a Najeriya da sauran wurare, tana kare abin da aka rubuta ko aka zana, ba ta kare tunanin da ke cikin kai. Idan gobe wani ya fito da labari irin naka sak, ba ka da takarda ɗaya da za ka ɗaga a gaban alƙali. Ɓoyon da kake yi shi ne ya bar ka tsirara. Kuma bari in gaya maka abin da ba za ka so ji ba: labarin da ke cikin kai kullum daɗi gare shi, domin ba wanda ya taɓa tambayarsa me ya faru a babi na huɗu. Sai ka zauna rubutu za ka gane ko labari gare ka, ko kuwa faɗa biyu masu kyau da jarumi mai takobi.

Na taɓa ganin irin wannan da idona. Wani mai sayar da yadi da nake duba wa lissafi ya zuba kuɗin shagonsa a fim, bayan abokinsa ya ba shi labarin da baki a wurin mai shayi. Aka fita ɗauka ba rubutu, kowace safiya darakta da abokin suna gardamar abin da zai biyo baya, 'yan wasa na zaune ana biyan abinci da masauki. Kuɗi suka ƙare an yi rabi. Ranar da na je shagon ya jawo aljihun teburi ya nuna mini ma'ajiyar kwamfutar da aka zuba ɗaukar a ciki, an naɗe ta da leda, tana kwance a kan littafin bashi, kantocin bayansa kuma rabi ba kaya. Wancan fim ne na mutane da kyamara, wanda ya fi zane arha nesa ba kusa ba.

Ka duba waɗanda suka isa inda kake mafarki. One-Punch Man ya faro ne a 2009 a shafin intanet na marubucinsa, da zane marar kyau, masu karatu suka yi dafifi, wani ƙwararren mai zane ya sake zana shi daga 2012, aka yi anime a 2015. Tony Valente Bafaranshe ne, ya fara fitar da littafinsa Radiant a Faransa a 2013, sai a 2018 tashar NHK ta Japan ta nuna shi a matsayin anime. Ɗan Najeriya Roye Okupe ma, duk da cewa nasa a Amurka aka yi, sai da ya fitar da Iyanu a littafin zane kafin ya zama shirin talabijin a 2025. Dukansu abin karantawa suka fara ajiyewa a gaban jama'a, suka yi shekaru ana auna su.

Ga abin da zan yi da ni ne kai. Wata shida masu zuwa ba zan kashe ko sisi ba sai kuɗin data. Zan rubuta labarin daga farko har ƙarshe a shafi biyu, sannan in fara fitar da shi babi-babi a Wattpad, manhajar wallafa labarai, ko a zaurukan WhatsApp, inda marubutan Hausa, musamman mata, suka daɗe suna sakin shafukan farko kyauta su sayar da sauran. Zan ajiye littafi kamar na shago: mutum nawa suka karanta babi na ɗaya, nawa suka kai na goma, nawa suka yarda su biya ɗari uku ko ɗari biyar. Idan baƙi ɗari da ba su san ka ba suka biya, ka samu hujja. Yabon abokai kada ka sa shi a lissafi.

Bayan nan ne kuɗi za su shigo, kuma kada su wuce dubu ɗari biyu zuwa uku daga riba, jarin shago yana nan inda yake. Ka nemi mai zane ku fitar da gajeren labari kammalalle mai shafi 16 zuwa 30. Akwai ƙofofin da aka buɗe wa baƙi da gangan: ma'aikatar harkokin wajen Japan tana ba da kyautar manga ta ƙasa da ƙasa tun 2007, kamfanin Coamix kuma yana gudanar da gasar Silent Manga Audition, ta zane ba magana, wadda ta ɗauke maka wahalar yare gaba ɗaya.

Shi kuwa ɗan baffanka, karatun kwamfuta daban, iya zane mai motsi daban. Minti uku na motsi, a kan zane takwas kowace daƙiƙa, zane 1,440 ne. Ka ce ya nuna maka daƙiƙa ashirin da ya taɓa yi da hannunsa. Idan ya nuna kuma ta yi kyau, ka ba shi aikin shafi biyar, ku rubuta yarjejeniya a gaban shaidu biyu waɗanda ba 'yan gidanku ba: nawa ne kowane shafi, yaushe zai kawo, rabin kuɗi sai aiki ya zo, kuma labarin da jaruman cikinsa mallakarka ne. Idan ya ce ai tsakaninku ba sai an yi takarda ba, ka ce masa ni na hana.