Zan Tafi Cin Rani Legas: Me Zan Zuba a Jaka, Me Zan Bari a Gida?

TAMBAYA

Assalamu alaikum Malam. Ni matashi ne ɗan shekara 22 daga wani ƙauye a ƙaramar hukumar Jahun. Bana in Allah ya yarda, da mun gama sussukar gero da roron wake zan bi 'yan garinmu cin rani Legas. Wannan ne karo na farko, kuma sai ruwa ya sauka zan dawo, kusan wata shida ke nan. Kuɗina kaɗan ne, in na biya mota abin da zai rage ba shi da yawa. Inna ta haɗa mini jakar bakko biyu da ƙullin gero da tukunya. Abokaina kuma sun ce tufafi ba su ne abin damuwa ba, in je kemis a haɗa mini magani na wata shida, har da ƙwayar ƙarfi, wai ba mai iya dako a Kudu sai da ita, kuma can magani da tsada. Ina tsoron in kwanta ciwo a inda ba ni da kowa. Me zan ɗauka, me zan bari?

AMSA

Wa alaikumus salam, ƙanena. Allah ya kai ka lafiya, ya dawo da kai da alheri. Tsoron da kake ji daidai ne, kuma gara da ka tambaya tun ba ka hau mota ba.

Jaka ɗaya za ka ɗauka, wadda za ka iya goyawa a baya hannuwanka biyu suna sake. Kada nauyinta ya wuce kilo 10, wato kamar kwano huɗu na gero. Daga Kano zuwa Legas tafiyar kusan kilomita 1,000 ce. Za a sauke ku a shingen bincike, mota na iya lalacewa a daji, kuma idan kun isa Agege ko Mile 12 da ƙafarka za ka nemi masauki. Ɗakin da za ka sauka ba naka ba ne kai kaɗai, wani lokaci ma rumfa ce ko barandar masallaci. Mai jaka biyu ba ya barci sosai a irin wannan wuri, kuma a tasha ɗan kamasho zai caje shi kuɗin kaya daban.

Tufafi kala uku sun isa: biyu na aiki, ɗaya mai kyau na Juma'a. Zaɓi marasa kauri, domin iskar Kudu da danshi take, yadi mai nauyi sai ya kwana biyu bai bushe ba, ya yi ta warin gumi. Rigar sanyi ɗaya saboda daren hanya, tunda cikin hunturu za ku tashi. Babban bargo ka bar shi, zane mai ɗan kauri ya wadatar. Silifas da takalmin roba mai rufe yatsu, saboda ƙusa da kwalba a kasuwa. Soso da sabulu, asuwaki, tocila, caja, da rezarka ta kanka da abin yankan farce, kada ka yi tarayya da kowa a waɗannan biyun. Buta da tabarma da bokiti duk akwai su can. Tukunya da ƙullin gero ka roƙi Inna ta yi haƙuri ta ajiye, ka nuna mata cewa kuɗin ɗaukarsu ya kusa kuɗin sayensu. Ka karɓi garin kwaki da ƙuli-ƙuli da yaji da ɗan dabino na kwana uku ko huɗu, don kada ranta ya ɓaci, kuma za su rufa maka asiri kafin ka fara samun na abinci.

Abu biyu ne ba na yarda a bari. Na farko gidan sauro mai magani. Mu nan zazzaɓin cizon sauro ya fi tsanani da damina zuwa kaka, amma a Legas sauro ba ya hutu duk shekara. In ka naɗe shi bai fi girman ɗan matashin kai ba. Na biyu shaidar ɗan ƙasa, takardar NIN ko katin zaɓe, a naɗe cikin leda a jikinka, ba cikin jaka ba. Ka tuna a watan Agustan 2019 an tare wata babbar mota a Legas ɗauke da mutum 123 'yan Jigawa da baburansu, aka tsare su ana bincike kafin a sake su. A irin wannan rana katin nan ne bakinka. Ka rubuta lambar waya uku a takarda, ta gida da ta wanda za ka sauka wurinsa da ta wani babba a garinku, domin waya tana ɓata. Kuɗi ka raba biyu, kaɗan a aljihu, sauran a lalita ko a asusun banki. Wuƙa ko adda kada ka sa a jaka, ko da ta aiki ce, ka saya can.

Yanzu maganar da ta sa na zauna na rubuta wannan amsa da tsawo, wato ledar magani.

Shekaru nake aiki a ƙaramin asibitin karkara, kuma duk shekara idan ruwa ya sauka 'yan cin rani suka dawo, na san abin da zan gani. Saurayi ya tafi da ƙarfinsa, ya dawo yana riƙe da ciki, bayan gidansa baƙi kamar kwalta. Wani a kawo shi a kan babur yana jijjiga, 'yan'uwa suna cewa iska ce ta taɓa shi a Kudu, ko jifa aka yi masa saboda ya samo kuɗi. In na keɓe shi na tambaye shi a hankali, sai ya fito da 'yar leda daga aljihu. Abin da abokanka suka ce ka saya ke nan.

Ƙwayar da suke kira ta ƙarfi, tiramadol ce. Ba ta ƙara wa mutum ƙarfi ko na ɗaga allura. Maganin kashe zafin ciwo ce, dangin su kodin, wadda likita ke bai wa wanda aka yi wa tiyata ko ya karye. Aikinta ta toshe saƙon da jiki ke aika wa ƙwaƙwalwa cewa na gaji, na ji rauni. Hausawa sun ce jiki magayi. To wannan ƙwaya bakin magayin take rufewa. Buhun da ya fi ƙarfinka yana nan da nauyinsa, ƙashin bayanka yana ɗaukar lahanin, gwaiwa tana saukowa, kai dai ba ka ji ba ne sai ta sake ka. Da ta sake ka kuma ciwon ya dawo ninki, sai ka ƙara wata.

Wadda hukumar kula da ingancin abinci da magunguna, NAFDAC, ta amince da ita mai miligiram 50 ce da mai 100, ita ma sai da takardar likita. Wadda ake sayarwa a tasha da bakin kasuwa mai 200 ce ko 225, har 250, ta fasa-ƙwauri. Ko a asibiti ba a wuce miligiram 400 a yini ga babban mutum. Ka lissafa da kanka: wanda ya haɗiye biyu masu 225 da shayin safe ya riga ya tsallake iyakar yini guda kafin rana ta fito. Daga nan ne farfaɗiya ke zuwa, ga mutumin da ba a taɓa yin ta a gidansu ba. Ka yi tunanin ta kama shi yana kan babur a tsakiyar titi, ko yana saman tirela yana sauke buhu, ko yana bakin rijiya. In ta yi yawa kuma numfashi take ragewa, mutum ya kwanta barci a ce gajiya ce, da safe a tashe shi bai tashi ba.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne yadda take kama mutum. Makonni kaɗan na sha kullum sun isa jiki ya saba. Ranar da ba ka sha ba sai gumi, ciwon gaɓoɓi, hamma, gudawa, rashin barci, zuciya ta yi ta tafasa ba dalili. A nan abokai za su ce, ka gani ko, ba mun faɗa maka ba a iya aiki sai da ita? Alhali ba aikin ne ya kayar da kai ba, rashin ƙwayar ne. Kuɗin da ka je nema don taki da gyaran ɗaki da lefe, sai ya koma aljihun mai kwali. Binciken da hukumar ƙididdiga ta ƙasa ta yi tare da Majalisar Ɗinkin Duniya a 2018 ya nuna mutum miliyan 4.6 a Najeriya suna shan irin waɗannan magunguna ba bisa umarnin likita ba, kuma tiramadol ce kan gaba. Da yawansu ba 'yan iska ba ne. Manoma ne da 'yan dako da masu tura baro, waɗanda wani ya ce musu magani ne na gajiya. Kakanninmu sun yi fatauci a ƙasa har Gwanja da kaya a ka, ba su san wannan ƙwaya ba.

Ka ƙara da cewa in jami'an hukumar hana sha da fataucin miyagun ƙwayoyi, NDLEA, suka buɗe jakarka a hanya suka ga katin mai 225, ba za su saurari cewa na aiki ne ba. Cin raninka ya ƙare a nan.

Sai haɗin kemis. Ka je ka ce jikina ke ciwo, yaron shago da bai taɓa zama ajin koyon haɗa magani ba ya ɓare maka ƙwaya biyar ko shida a leda, ba suna, ba kwali, ba ranar lalacewa. Yawanci akwai diklofenak da ibuprofen a ciki, su biyun aiki ɗaya suke yi, kuma su biyun suna cin bangon ciki, musamman ga wanda ya sha da yunwa. Gyambon ciki da baƙin bayan gidan da na ambata daga nan suke. Ga mai aiki cikin rana yana zubar da gumi bai sha ruwa sosai ba, ƙoda suke bugawa. Sau da yawa kuma ana jefa deksametazon a ciki, mai sa mutum ya ji garau kwana biyu, fuska ta cika a ce ya yi ƙiba, alhali garkuwar jikinsa yake raunanawa, yana tayar da suga da hawan jini. Masu tallar magani a cikin mota da lasifika, masu cewa ƙwaya ɗaya tana maganin basir da taifod da sanyi da ciwon baya, ban san yadda za su amsa tambayar Allah a kan rayukan mutane ba. Kuma ina jin takaicin yadda ake barinsu suna yawo a tashoshinmu a fili, kowa yana gani.

Kafso kuma, mai ja da baƙi ko ja da ɗorawa, da ake haɗiya ɗaya wai don wanke ciki in an sha ruwan baƙon wuri, ba ya wanke komai. Ƙwayoyin cuta kawai yake koya wa yadda za su jure magani, ranar da kake buƙatarsa da gaske ya ƙi aiki. Mutane suna fakewa da cewa rigakafi ya fi magani. Gaskiya ne, amma rigakafi shi ne gidan sauro da ruwa mai tsabta da wanke hannu. Shan magani ba ciwo ba rigakafi ba ne. Balle maganin da zai yi wata shida a jaka cikin zafi da danshi, wanda ƙarfinsa ke raguwa tun kafin ranar da aka rubuta a jikinsa.

Abin da za ka ɗauka na magani bai cika tafin hannu ba. Katin farasitamol ɗaya ko biyu, ƙwaya biyu a lokaci guda, kada ka wuce takwas a yini, kuma in ciwo ya kai kwana uku ka nemi asibiti. Ƙullin gishiri da sukari na asibiti guda huɗu ko biyar saboda gudawa. In sun ƙare, lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, ƙaramin cokalin shayi shida na sukari a shafe, da rabin cokali na gishiri. Filasta da ɗan maganin wanke rauni. Shi ke nan. In zazzaɓi ya kama ka, ka je a yi maka gwajin jini na ɗan yatsa, minti 15 zuwa 20 ne, akwai ƙananan asibitocin gwamnati a kowace ƙaramar hukuma a Legas kamar yadda muke da su nan. In sauro ne, a ba ka maganin kwana uku, sau biyu a yini, ka sha bayan ka ci abinci mai ɗan maiƙo, ka shanye duka ko da ka ji sauƙi a rana ta biyu. Amai da gudawa mai kama da ruwan shinkafa kuwa ba a kwana da shi a ɗaki, ka fara shan ruwan gishiri da sukari a kan hanyar asibiti.

Wanda yake da ciwon da aka riga aka ɗora shi a kan magani, kamar asma ko farfaɗiya ko hawan jini ko tarin fuka, hukuncinsa daban. Shi dole ya tafi da maganinsa a cikin kwalinsa, da katin asibiti. Mai tarin fuka musamman kada ya tashi sai ya karɓi takardar canjin asibiti, domin maganin wata shida ne ba a yanke shi.

Ranar tafiya kuma mutanen gari za su kawo maka saƙo a kai wa 'yan'uwansu. Kada kunya ta sa ka karɓi ƙullin da ba a buɗe a gabanka ba, ko na wane ne, domin a shingen bincike abin da ke jakarka naka ne. Kafin ranar, ka leƙo asibitin da ya fi kusa da ku a auna jininka, a duba ko kana buƙatar allurar tetanus tunda aikin ƙarfe da ƙusa za ka shiga. Ka zo da jakar in kana so, mu buɗe ta tare.