Tambaya da Amsa: Shin Makantalizim Ne Ya Azurta Turai, Jari-hujja Kuwa Tarko Ne?

Tambaya: Assalamu alaikum, Dakta. Ni malamin tattalin arziki ne a makarantar sakandare. Shekara tara ina koya wa yara cewa tsarin makantalizim, wato tara zinare da toshe kasuwa, ya mutu, jari-hujja ya gaje shi. Kwanan nan ɗalibaina suka kawo mini bidiyon wani da ke cewa da wannan tsari Turawa suka yi arziki, daga baya suka sayar mana da jari-hujja don mu dawwama a talauci, kuma maganinmu shi ne mu rufe boda mu hana dala fita. Ga Amurka ma tana ta lafta haraji kan kayan waje. Wallahi na rasa abin da zan ce musu, kuma abin ya hana ni sukuni. Ko dai ɓatar da yaran mutane nake yi?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Ka kwantar da hankalinka, ba ka ɓatar da kowa ba. Gyara ɗaya kawai zan yi maka: ka daina cewa ya mutu. Tsari ne da aka kayar a fagen ilimi, amma bai taɓa barin fadar masu mulki ba.

Tunda fanninka ne, ba sai na karanto maka ma'anoni ba. A makantalizim, tun daga ƙarni na 16 zuwa na 18, ciniki makamin sarki ne. Hukuma ke zaɓen wanda zai yi fatauci, ta ba shi takardar babakere, kamar Kamfanin Gabashin Indiya na Ingila a 1600 da na Holan a 1602, a sayar da yawa, a sayi kaɗan, rarar ta shigo baitulmali a matsayin zinare da azurfa don biyan soja. A jari-hujja kuwa, mai jari ne ke yanke shawara, yana ɗaukar ma'aikata da lada, yana mayar da riba cikin sana'a, farashi da gasa ke yi masa linzami. Na farko yana tambayar nawa ne a taskar sarki. Na biyu yana tambayar nawa ma'aikaci ɗaya ke iya samarwa a yini.

Mai bidiyon bai yi ƙarya a komai ba, shi ya sa maganarsa ke kama zukatan yara. Gaskiya ne Ingila ta kafa dokokin sufurin ruwa a 1651 don hana jiragen Holan dakon kayanta. Gaskiya ne ta hana sayar da yawancin yadin audugar Indiya a 1721 don ta kare masaƙanta. Sai dai bai faɗa musu wa ya biya kuɗin ba. Tsarin ba ya tafiya sai da wata ƙasa da za a danne ta riƙa ba da ɗanyen kaya da arha tana sayen sarrafaffe da tsada. Kamfanin da Ingila ta ba wa babakeren cinikin gaɓar Afirka ta Yamma a 1672, bayi ne babbar hajarsa. Mu nan ma mun ɗanɗana ragowar tsarin: Kamfanin Kogin Neja na George Goldie, wanda ya samu takardar sarauta a 1886, ya toshe wa mutanen Nembe na yankin Neja Delta kasuwannin da suka gada har ta kai su ga kai hari sansanin kamfanin da ke Akassa a 1895. To wanda yake kiranmu zuwa makantalizim, sai a tambaye shi, wace ƙasa ce za mu yi wa mulkin mallaka? Idan babu, to manominmu da mai cefanenmu ne za su hau wannan matsayi.

Yanzu bari in zo kan abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya, wanda nake haɗuwa da shi kusan kullum, a aji, a majalisar unguwa, har a bakin mutanen da ke da digiri biyu: ɗaukar cewa kuɗi shi ne dukiya, duk dalar da ta fita ta salwanta, mai sayarwa ne kawai ke cin riba, mai saye kuwa an cuce shi. Wannan shi ne ƙashin bayan makantalizim, kuma kuskure ne mai kashe mutane da yunwa.

Ka ɗauki manomin da ya kai buhun masara kasuwar Dawanau ya dawo da taki da maganin feshi. Kuɗin sun fita daga aljihunsa. Ya talauce? Da ya ƙulle su a ƙarƙashin katifa, gonar ce za ta ba shi amsa da kaka. Ƙasa ma haka take. Amfanin fitar da kaya shi ne ka samu abin sayo wanda ba ka da shi.

Sifaniya ce ta gwada wannan tunani har ƙarshensa. Tun da aka gano dutsen azurfa na Potosi, a yankin Kudancin Amurka da take mulka, a 1545, jirage ke sauke mata azurfa ba ƙaƙƙautawa. Idan tara ƙarfe mai daraja ne arziki, da babu wanda zai kamo ta. Amma sarautarta ta kasa biyan bashi a 1557, ta sake a 1575, ta sake a 1596. Farashi ya yi ta hawa, kayanta suka yi tsada, azurfar ta zurare zuwa hannun masu saƙa da masu ƙera jirage na wasu ƙasashe. Ba sai mun je nesa ba ma: da Mansa Musa ya ratsa Alƙahira a 1324 yana rabon zinare, darajar zinaren ce ta faɗi, ba abinci ne ya ƙaru a kasuwa ba. Masanin falsafa David Hume ya fayyace dalilin a 1752: kuɗi in sun taru a wuri ɗaya ba tare da kaya sun ƙaru ba, farashi ke tashi, sai su nemi hanyar fita kamar ruwa a gangare. Masanin tattalin arziki Adam Smith ya zo a 1776 ya ce dukiyar ƙasa ita ce abin da hannun mutanenta ke samarwa duk shekara. Yau kusan shekara ɗari biyu da hamsin ke nan, amma wani zai kunna waya ya sayar wa yara tsohon kuskure a matsayin sirrin da aka ɓoye mana. Abin yana ƙona mini rai, domin ɗalibin da ya haɗiye wannan gobe shi ne darakta a ma'aikata.

Kuma mun gani da idonmu. A 2015 Babban Bankin Najeriya ya hana masu shigo da kaya iri 41 samun dala a farashin hukuma, ba a janye ba sai Oktoban 2023. A Agustan 2019 aka rufe iyakokin ƙasa, sai Disamban 2020 aka buɗe Seme da Illela da Maigatari da Mfum. Hauhawar farashi ta tashi daga kusan kashi 11 cikin ɗari zuwa sama da 15 a wannan tsakani. Ba zan ɗora duka a kan boda ba, annobar korona da rashin tsaro sun taka rawa, kuma gaskiya an samu ƙarin injinan casar shinkafa. Amma shinkafar waje ba ta daina shigowa ba. Na je wani garin kan iyaka a lokacin, na ga yadda ake farke buhu a raba shi ƙanana, a ɗaure a bayan babur, samari su bi ta daji da dare ba fitila. Kowane shinge da nasa kason. Duk wannan kuɗin a kan mudun da uwar marayu za ta auna yake sauka. Shi kuwa mai kai tumatur da albasa ko kayan masarufi Maraɗi ta halastacciyar hanya, shi aka durƙusar. Faransa ta hana yadi mai zane daga 1686 har 1759, shekara 73, fasa-ƙwauri ne ya ci ribar. Ba mu ƙirƙiro sabon abu ba.

Duk inda aka ce an hana, sai dai mai takarda, to ka nemi wanda ke sa hannu a takardar. Nan arzikin ke taruwa. Wannan ita ce cutar makantalizim tun zamanin Colbert, ministan kuɗin Sarkin Faransa Louis na 14: ɗan kasuwa ya gane cewa zaryar ofis ta fi gyara injin kawo riba. Iyayenmu manoman gyaɗa sun san haka, lokacin da hukumar sayen amfanin gona ke yanka musu farashi ƙasa da na kasuwar duniya, dalar gyaɗa na tashi a Kano, su kuma aljihunsu bai nuna ba.

Kada ka ɗauka wanke jari-hujja nake yi. A masaƙun audugar Ingila sai a 1819 doka ta hana sa yaran da ba su kai shekara tara ba aiki. Mai jari in ya samu dama shi ma babakere yake nema, Smith kansa ya yi kashedi a kan haka. Kuma akwai hujja mai ƙarfi ta kare jaririyar masana'anta, wadda Alexander Hamilton, sakataren baitulmalin Amurka, ya kawo a 1791. Koriya ta Kudu ta yi amfani da ita a shekarun 1960 da 1970, amma da sharaɗi: kamfanin da aka tallafa wa dole ya nuna abin da ya sayar a kasuwar duniya, in ya gaza a janye masa. Wannan kariya ce don a koyi gasa. Tamu kuwa sau da yawa kariya ce ba wa'adi, ba lantarki, ba hanya, ba mai tambayar sakamako. Harajin da Amurka ke sawa tun 2018, mai shigo da kayan a Amurka ne ke biyansa a tashar ruwa, kuma galibi yakan juye shi kan mai saye. Don babbar ƙasa ta yi abu, ba shi ke nuna kyauta take samunsa ba.

Ranar Litinin, Malam, ka kunna musu bidiyon a aji, kada ka hana. Sannan ka aike su kasuwa su tambayi masu awo nawa mudun shinkafa yake kafin rufe boda da bayanta, su tambayi mai injin casa nawa yake kashewa a gas duk wata. Su dawo su rubuta maka shafi ɗaya: wa ya samu, wa ya biya.