Amsa ga ƙanena kan mutanen da za su kewaye jarumin fim ɗinku

Assalamu alaikum. Ƙanena, na saurari muryar da ka turo zauren nan jiya da dare har sau biyu. Ka ce an ba ku aikin shirya buɗewar fim ta minti 3, jaruminku kuwa matashi ne ɗan garuwa a nan Daura wanda ya wayi gari da ƙarfin da ya wuce na ɗan Adam, kuma kun tanadi mutum 6 da za su fito tare da shi, wato aboki da budurwa da malami da ɗan sanda da mahaifi da mugu. Tambayarka ita ce yadda za a ba kowannensu hali.

Gaskiyar magana, mutanen sun yi yawa. A ƙa'idar rubutun fim, shafi ɗaya yakan ci kusan minti ɗaya a allo, ke nan shafi 3 kawai gare ku, kuma idan kuka raba su tsakanin mutum 7 har da jarumin, babu wanda zai samu ko daƙiƙa 30. Ni ma na taɓa yin wannan kuskuren lokacin da nake ɗalibi, domin na kasa hana abokaina fitowa, kowa na ba shi layi ɗaya, da aka zo tacewa kuwa sai muka tarar babu fuskar da mai kallo zai iya riƙewa. Har yau abin yana damuna, shi ya sa ba na so ya same ku.

Ina so ka tuna labarin da muka taso da shi a garin nan. Da Bayajidda ya iso Daura da dare, a gidan tsohuwa Ayana ya sauka, ya nemi ruwa, ita ce ta shaida masa cewa macijin da ke rijiyar Kusugu ba ya bari a ɗebi ruwa sai ranar Juma'a. Ka dubi aikin da tsohuwar nan ta yi da 'yan kalmomi kaɗan: ta nuna mana ƙishin gari, ta nuna mana tsoron da ya zama jiki, ta kuma sa kisan macijin ya zama abin da ya shafi kowa. Da babu ita, da baƙo ne kawai ya kashe maciji cikin duhu. Maƙeran Gaya da suka ƙera masa wuƙa su ma sau ɗaya ake ambatonsu, kuma hakan ya wadatar.

Saboda haka ku riƙe mutum biyu, kuma kowanne ya shigo da tasa buƙatar, kada ya tsaya yana jiran jarumi ya ba shi mamaki. Na farko kakarsa ce, a madadin mahaifin. Ku nuna ta da asuba tana kwance bakin zanenta tana ƙirga 'yan kuɗin cefane, sai idonta ya faɗa kan hannun kurar ruwan, ƙarfe ne amma ya lanƙwashe daidai da sawun yatsu. Ba ta ce uffan ba, sai ta ja tsohon buhu ta rufe wurin kafin maƙwabciya ta leƙo. Daga nan mai kallo ya gane ta sani, kuma tsoronta shi ne bakin mutane, domin a wurinmu yaron da ya yi irin wannan abu aljanu za a fara ambata, ba jarumta ba.

Na biyu mai shayin bakin layi ne, wanda yaron yake binsa kuɗin ruwa na kwana uku, yana ta kauce masa. Jarka mai lita 25 nauyin ruwanta kilo 25 ne, to sai yaron ya manta ya ɗauki huɗu da hannu ɗaya, mai shayi kuwa yana cikin zuba shayi har kofi ya cika ya malale masa a yatsu bai ji zafi ba. Yanzu yana da sirrin wanda yake binsa bashi, kuma mai kallo zai so ya san abin da zai yi da shi.

Mugun ku bar shi zuwa gaba, ko a ji muryarsa kawai a waya. Sauran abokanka a ba su riƙon makirfo da kula da haske, domin aikin ma yana buƙatar hannu.

Abu ɗaya nake roƙo, kada ku ɗaura wa 'yar ajinku ɗankwali ku shafa mata hoda a kai ku ce ita ce kaka. Ku nemi dattijuwa ta gaske a cikin dangi, ku nemi izininta da na mutanen gida cikin ladabi, ku kuma ɗauki nata ɓangaren da sassafe kafin ta gaji. Ka gyara shafukan ka turo mini kafin Juma'a, in sha Allahu zan duba su.