Amsa: Zuwa wasan zamiya kan dusar ƙanƙara a dutsen Uludağ a farkon Disamba

Ƙanena, ka tambaya ko tafiyar za ta yi amfani tunda an ce bana sanyi bai kankama ba a can. Ka je, amma ka yi sammako. Na taɓa zuwa dutsen nan na kusa da Bursa lokacin ina karatu a Turkiyya, kafin in dawo gida Sakkwato.

A farkon kakar wasan dusar ƙanƙara ba ta da kauri, hanyoyin zamiya kaɗan ake buɗewa, wasu ma injin ne ke fesa masu ƙanƙarar, shi kuwa ba ya aiki sai sanyi ya sauka wajen digiri 2 ƙasa da sifili. Da safe za ka tarar da ita da tauri, da azahar ta jiƙe ta yi nauyi kamar taɓo, a nan ne gwiwa ke wahala. Ni a lokacin na faɗi har sau uku.

Kada ka jibga rigar sanyi guda mai kauri irin ta hunturunmu, zufa za ta dame ka. Saka marasa nauyi biyu ko uku. Tabarau kuwa dole ne, hasken rana kan farin ƙanƙara yana cutar da ido ƙwarai. Ka nemi mai koyarwa ranar farko, don Allah.